DNP ko farahaidurojin: wanne ya fi sauri?

Malam, ka tambaya wace hanya ce ta fi saurin ƙarfafa siginar kabon-13 (nau'in kabon da na'urorin NMR da MRI masu aiki da maganaɗisu ke iya ganowa) tsakanin DNP da farahaidurojin, ga mai son ya ga yadda ƙwayoyin halitta ke mayar da fairubet zuwa laktet, sinadarai biyu da ke samuwa idan jiki na sarrafa sukari. Agogo ɗaya ke bin su duka, domin da zarar sinadarin ya fito daga na'ura, kusan kashi biyu cikin uku na siginarsa yana dusashewa cikin minti ɗaya, kuma kowane awo yana ƙara cin abin da ya rage.

A DNP ta narkarwa (DNP hanya ce ta tura ƙarfin maganaɗisun elektiron zuwa ga kabon), wadda Ardenkjær-Larsen da abokan aikinsa suka bayyana a 2003, ana daskarar da fairubet ne a sanyin kusan kelbin 1 (digiri ɗaya sama da sanyin da babu wanda ya fi shi) cikin maganaɗisu mai ƙarfi, a haska shi da maikurowef, sannan a narkar da shi da ruwan zafi nan take. Siginar tana ninkuwa fiye da sau 10,000, kuma da ita aka fara gwaji a jikin mutane a San Francisco, a kan masu sankarar furostet, aka wallafa sakamakon a 2013. Matsalarta jira: samfuri ɗaya yakan ci sa'a guda ko fiye, ga tsadar na'ura da ruwan hiliyam. An rage jiran ta hanyar fara ƙarfafa haidurojin da ke cikin samfurin sannan a tura ƙarfin ga kabon.

Farahaidurojin kuwa wani yanayi ne na iskar haidurojin, inda juyin furoton biyu na kowace ƙwaya ke saɓa wa juna, kuma yawansa na ƙaruwa idan aka sanyaya iskar. Cikin iskar da aka saba da ita kashi 25 cikin 100 ne kawai ke wannan yanayi, a kelbin 77 ya kai rabi, a wajen kelbin 20 kusan duka. A tsarin SABRE, wanda rukunin Duckett na Jami'ar York ya fito da shi a 2009, ana hura iskar cikin ruwa mai ɗauke da fairubet da sinadarin iridiyam, wanda ke tura ƙarfin ga kabon, aiki ya kammala cikin minti ɗaya ko biyu. Sai dai yawanci cikin metanol ake yin sa, kuma metanol da iridiyam duka guba ne ga ƙwayoyin halitta, saboda haka dole a tace su, alhali sigina tana ta zurarewa a lokacin tacewar. Wannan ne wurin da nake ganin ake yawan tsallakewa idan ana yabon saurinsa, kuma abin yana damuna.

Idan bincikenka na buƙatar maimaita awo sau da yawa a rana, misali gwada magunguna daban-daban a kan ƙwayoyin sankara, farahaidurojin zan ba ka shawara, da sharaɗin ka fara tabbatar da cewa ƙwayoyin suna raye lafiya bayan an zuba musu ruwan da aka tace. Idan kuwa za ka gwada sinadarai iri-iri ban da fairubet, DNP ce ta fi karɓar su.