NAD C 368 ko Yamaha A-S501: wanne ne za a iya ƙara wa kaya nan gaba?

Malam, ka ce kana da sifika biyu masu ohm 8 (ma'aunin turjiyarsu ga lantarki) a falo, kana neman ampili, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, wanda ba sai ka sayar da shi ba in fasaha ta canja, kuma ƙaninka da ke Faransa ya turo maka sunan waɗannan biyun ka zaɓa. Dukansu haɗaɗɗu ne, wato sashen zaɓar sauti da sashen ƙarfi suna cikin akwati guda.

Batun ƙarfi kada ya ɗauke maka hankali. Yamaha wat 85 yake ba kowace sifika, NAD kuma wat 80. Kunne ba ya jin wannan ratar, don ko ninka wat aka yi, desibel 3 kawai ake ƙaruwa da shi a ma'aunin ƙarar sauti. Kowanne zai cika falonka.

Inda suka rabu shi ne yadda ake ƙara masu kaya. NAD, wanda ya fito a 2016, yana da gurbi biyu a bayansa da kamfanin ke kira MDC. Ka kwance murfin gurbin, ka zura kati, ka ɗaure. Akwai katin BluOS mai jawo sauti daga intanet ka sarrafa da wayarka, akwai na HDMI na haɗawa da talabijin. Bluetooth kuwa da shi yake zuwa. Yana da mafitar da za ka jona wani ampilin ƙarfi daban in wata rana ka sayi manyan sifiku, shi ya koma mai ba da umarni kawai. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai, kuma Yamaha ba shi da irinta sai ta sifikar bas.

Sai dai ka san gurbin nan a hannun kamfani yake. Tuni NAD ya koma sabon tsari, MDC2, a samfura irin su C 389 da C 399, kuma katin sabon ba ya aiki a tsohon. Ga shi katin ba abin da za ka taras a babbar kasuwa ba ne, sai an aiko daga waje, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Yamaha, na 2014, ba gurbi ko ɗaya. Abin da ya tara shi ne ƙofofi: na waya ja da fari, na dijital iri biyu, har da na faifan garmaho. Ƙarin nasa daga waje ake yi. Ka sayi ƙaramin akwati mai jawo sauti daga intanet, irin WiiM, ka jona. In ya tsufa ka cire ka sa wani, na kowane kamfani ka ga dama. Ɓangaren dijital shi ke saurin tsufa. Taransifoma da taransisto kuwa suna iya shekara 20 suna aiki. Shi ya sa na fi son a raba su gida biyu.

Yanzu mu zo batun gyara a nan Maradi. In ka leƙa ta ramukan saman Yamaha za ka ga ƙaton taransifoma da faranta na alminiyom masu haƙora, taransistocin an ɗaure su a jiki da kusoshi. Nauyinsa ya kai kilo 10. Tsohon tsari ne, ajin AB, wanda duk gogaggen mai gyaran rediyo ya san hanyarsa: ya auna, ya gano wanda ya ƙone, ya narke dalma ya canja. NAD ajin D ne, kayan cikinsa ƙanana ne manne da faranti, in ya lalace galibi sai a canja farantin dungurungum, kuma nan ma sai an jira saƙo. A garin da wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, gidaje da yawa suka koma sola.

To a nan ne NAD ke da tasa ranar. Ajin D ba ya ɓarnar wuta, ba ya zafi sosai, don haka batir ya fi jimawa da shi. Yamaha yana ɗumi ko a hankali kake saurare, kuma a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, in ka cusa shi cikin kabat ka ɗora dikoda a kansa, ka zalunce shi. Ka bar masa sarari a sama, ka riƙa rufe shi da ƙyalle in yana kashe saboda ƙurar hunturu.

Ni dai in wutar NIGELEC, kamfanin lantarkin Nijar, kake amfani da ita, Yamaha zan ce ka ɗauka, rarar kuɗin ka sayi na'urar daidaita wuta mai kyau da ɗan akwatin intanet. In gidanka kan sola yake, ko kana da niyyar manyan sifiku nan gaba, ɗauki NAD, amma ka ce wa ƙanin naka ya haɗo da katin BluOS tun yanzu a saƙo ɗaya.

Wanda ke Faransa ba matsala, wutarsu volt 230 ce, ta dace da tamu. In kuwa na hannu ka gani an shigo da shi ta Kano, juya bayansa ka karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta kafin ka biya. Na Amurka 120 ake rubutawa, kuma jonawa ɗaya ta isa ta ƙona shi.