Wata biyu da manhajar koyon rabawa: ta iya atisaye, bayani ne babu

'Yata tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare, kuma da an zo kan rabawa sai ta fara hamma. Shi ya sa na sauke mata wata manhajar lissafi a wayata, yau wata biyu ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne bishiyar farfasa lamba. Sai a ba yaro 360, ya taɓa ta da yatsa ta rabe gida biyu, ya yi ta tsagawa har ya iso kan lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, waɗanda ake kira firam. Ranar farko ta fara da 36 da 10, washegari ta fara da 8 da 45, duk ta sauka a kan 2×2×2×3×3×5. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, ashe ko ta ina aka bi amsar ɗaya ce?" Tun ranar ban sake ganin hamma ba. Manhajar kuma ta iya ɗana tarko. Yarinyar nan ta rantse 91 firam ce, sai ga 7×13. Haka 51 da 57 da 87 suka yi mata, alhali duk 3 na raba su.

Inda manhajar ta gaza, dokokin rabuwa hadda kawai take bayarwa. Ta ce a tara alƙaluman lamba, in 3 ta raba jimillar to ta raba lambar, shi ke nan, ba dalili. Sai da na ɗauko takarda na nuna wa yarinyar da 471, wato ɗari 4 da goma 7 da 1: 100 ai 99 ce da 1, 10 kuma 9 ce da 1, to 99 da 9 duk 3 na raba su, abin da ya rage a duba shi ne 4+7+1, wato 12.

Haddar nan har ta kai ta ga kuskure. Da ta ji cewa duk lambar da 2 da 3 suka raba 6 ma za ta raba, sai ta yanke hukunci da kanta cewa 2 da 4 na nufin 8. Na ce ta gwada 12. Ta yi tsit. Manhajar ba ta taɓa gaya mata dabarar tana aiki ne don 2 da 3 ba su haɗa komai ba, 4 kuwa akwai 2 a cikinta.

Dokar 7 ma tana ciki: a ninka alƙalamin ƙarshe sau biyu a cire daga sauran, in 7 ta raba abin da ya fito to ta raba lambar, 203 ta koma 20−6, wato 14. Ni dai a ganina rabawa kai tsaye ta fi sauri. Ga kuma talla da ke faɗowa ana tsakiyar aiki.

Ban goge manhajar ba. Minti 15 yarinyar take yi kullum, amma yanzu da biro da takarda a gefe, kuma duk sabuwar doka sai mun zauna mun tono dalilinta kafin ta danna gaba. Ta 11 muke kai wannan makon.