LFCTV ko The Anfield Wrap? Amsa ga ɗan'uwanmu na zauren magoya bayan Liverpool

Ɗan'uwa, tunda ka ce kuɗin naka na abu ɗaya ne kawai, ko tashar kulob ta LFCTV ko shirin sauraro (podcast) na magoya baya mai suna The Anfield Wrap, to ka biya The Anfield Wrap. Shi nake biya, kuma ban da niyyar dainawa.

Tashar kulob ba laifi. Hotonta tas yake, za ka ga atisaye, hirar koci, wasannin matasa da na share fage kafin a shiga kaka. Sai dai wasan Firimiya kai tsaye ba ya cikinta, don manyan tashoshi ne suka sayi ikon nuna shi, ita sai an tashi take sa maimaici. Kuma ma'aikatan kulob ne ke magana a cikinta, wanda kuwa ke karɓar albashi a hannun mai gida ba zai fito ya ce mai gida ya yi kuskure ba.

Shi The Anfield Wrap 'yan garin ne suka fara shi a 2011, mutanen da ke sayen tikiti da kuɗinsu su shiga fili, su bi ƙungiyar duk inda ta je. Neil Atkinson na cikin muryoyin da za ka fi ji. Idan an ci wasa za ka ji murnar a maƙogwaronsu, idan an sha kashi za su faɗi wanda ya yi sakaci ba tare da zagi ba. Wannan ya bambanta su da masu kafa kyamara suna ihu don a kalle su.

Amfanin irin wannan murya yana fitowa ne ranar da masu kulob suka taka magoya baya. A watan Fabrairun 2016 aka sanar da cewa tikitin wasu kujeru a Anfield, filin Liverpool, zai kai fam 77. Ranar wasa da Sunderland, minti na 77 na cika dubban mutane suka miƙe suka fice daga Anfield, alhali muna gaba da ci biyu. Wasan ya tashi biyu da biyu, amma cikin 'yan kwanaki masu kulob suka ba da haƙuri suka janye ƙarin. Haka a Afrilun 2021 da aka zo da maganar Super League, sabuwar gasar da wasu manyan kulob na Turai suka so su ɓalle su kafa, sai da John Henry, babban mai kulob ɗin, ya fito a bidiyo ya nemi afuwa. A makon nan na Super League kullum sai na kunna shirin, don a nan nake jin abin da mutanen garin ke ji a ransu da kuma dalilinsu.

Abin da ya fi riƙe ni dai ba ƙwallon ba ce. A cikin shirin na fara jin labarin Fans Supporting Foodbanks, wato magoya bayan da ke tara abinci don masu ƙaramin ƙarfi. A 2015 aka fara, kuma abin da ya taɓa ni shi ne 'yan Liverpool da 'yan Everton ne suka haɗa kai, mutanen da ranar wasan hamayya ko ga maciji ba sa yi. Dave Kelly ɗan Everton ne, Ian Byrne ɗan Liverpool, kuma shi Byrne ɗin ya zama ɗan majalisar dokokin Birtaniya mai wakiltar mazaɓar West Derby da ke Liverpool a 2019. Da mazubin shara mai taya suka fara, a kusa da Goodison Park, filin Everton a lokacin. Mai zuwa kallo ya riƙo abincin gwangwani, taliya, madara ko shayi, ya jefa ciki ya wuce fili. Takensu shi ne yunwa ba ta sa rigar kulob. Unguwannin da ke kewaye da Anfield da Goodison suna cikin mafi talauci a Ingila, abin da mu masu kallo daga nesa ba ma gani a talabijin.

A Oktoban 2020, lokacin korona da aka hana shiga fili, aka ce wasu wasannin Firimiya sai mutum ya biya fam 14.95 kan kowane ɗaya, bayan kuɗin watan da ya riga ya biya. Magoya baya suka ƙi, suka ce kowa ya tura kuɗin ga masu rabon abinci. 'Yan Newcastle suka yi, 'yan Liverpool suka tara sama da fam 100,000. Wata bai zagayo sosai ba aka soke tsarin.

Ni wannan labarin na ɗauka na kai wa mai gidan kallon unguwarmu, ana gab da azumi. Muka ajiye buhu a bakin ƙofa, duk mai shiga ya zuba abin da ya sawwaƙa, gero, shinkafa, sukari, wani ma taliya ɗaya. 'Yan Manchester United da muke kwana muna musu da su, su suka fi kowa zubawa, Allah ya saka musu da alheri. Dattawan unguwa muka ba, don su suka san gidajen marayu da zawarawa. Har yanzu in azumi ya ƙarato sai ka ji yaran suna tambayar ina buhu. Da maimaicin ƙwallaye kawai nake kallo, da wannan tunanin bai zo mini ba.

Amma kada a samu ruɗani: kuɗin rajistar da za ka biya ba sadaka ba ce. Na gudanar da shirin ne da albashin masu yin sa. In kana son ka taimaki masu rabon abincin, sai ka nemi shafinsu na ainihi ka tura kai tsaye. Shi ma kulob yana da gidauniyarsa ta LFC Foundation.

Ga gargaɗin da ba ka tambaya ba. Akwai masu yawo a WhatsApp da Telegram suna sayar da lambar shiga a farashi mai rahusa, wai rajistar shekara guda. Lamba ɗaya ce suke raba wa mutane da yawa, ko kuma ta sata, kwana kaɗan a rufe ta, kai kuma ka nemi mai sayarwa ka tarar ya toshe ka. Wasu kuma suna buɗe shafi da tambarin kulob, su ce su ne reshen magoya baya na Najeriya, suna tara kuɗin marayu, amma asusun bankin da sunan mutum ɗaya yake. Ka tambaye su hoton rabon da suka yi a baya da sunan unguwar, za ka ga sun fara kame-kame. Masu rigar da suke cewa 'yan wasa sun sa wa hannu ma haka. Sannan kada ka ba kowa lambobin katinka don ya biya maka. Ka fara tambayar bankinka ko katin naka na biyan kuɗi a ƙasashen waje, in yana yi ka biya da kanka a shafin masu shirin.

Abu ɗaya zai ba ka wahala da farko: Turancin mutanen Liverpool yana da sauri da karin da kunnenmu bai saba da shi ba. Suna da shirye-shiryen da suke saki kyauta, ka fara da su har kunnenka ya zauna, sannan ka biya na wata ɗaya kafin ka yi maganar shekara. Murya ce, ba ta cin data kamar bidiyo, in ka sauke da datar dare ka saurara a hanyar kasuwa ko wurin aiki.