Shirin bursin piyano a Yamai: mushen gwani ne, ofis ɗin kuwa sai haƙuri

Masu ta tambayata a WhatsApp kan makarantar kiɗan nan mai zaman kanta da ke tallan "shirin bursi zuwa waje", ga amsa a dunƙule don in huta. Ba zan kama suna ba. Duk mai taɓa piyano a Yamai ya san inda nake nufi, ya kuma san abin da suke karɓa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman na tuwo a kiɗan biki irina. Alkawari uku suka yi: darasi mai zurfi, haɗa dosiye, da ɗaukar bidiyon da ake aika wa manyan makarantu.

Darasin dai alhamdu lillahi. Mushen, wato malamin, da suka ba ni dattijo ne marar yawan magana. Da ya ji kiɗana sai ya ce, "Ɗana, hannunka na dama ya je birni, na hagu yana ƙauye." Ya hana ni taka feda sam, ya sa ni karanta nota da ƙarfi kafin in taɓa komai, ya kuma rubuta lambar kowane yatsa da fensir a kan takardar Bach. Ni da na saba kama waƙa da kunne, na ji jiki. Shi ya fahimtar da ni abin da alƙalan manyan makarantun waje ke nema: Prelude da Fugue ɗaya na Bach, sonata ta Haydn ko Mozart ko Beethoven, da etid, wato kiɗan gwada gwanintar yatsu, mai wuya irin na Chopin, kuma duka a haddace. Da a nan aka tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

Sai ranar bidiyo. Makarantun Amurka da dama suna rufe karɓar dosiye ranar 1 ga Disamba, mu kuma sai ƙarshen Nuwamba aka ba mu rana, hunturu ya fara busawa. Duk tsawon karatun a piyanon lantarki muke yi. Babban na katakon nan da kuke gani a hoton tallarsu yana falo lulluɓe da zane, kullum ana ce mana ana adana shi ne don ranar ɗauka. Aka yaye zanen, ƙura ta tashi. Na danna Fa ta tsakiya, ta nutse ba ta dawo ba, sai da na sa farce na ɗago ta. Na haura sama, kowane sauti yana rawa shi kaɗai. Piyano na da igiyoyin ƙarfe sama da 200, galibin sautukan igiya uku-uku ne, in ɗaya ta saki sai sautin ya yi tsami. Zafin Afrilu da bushewar hunturu ba su barin katako da igiya lafiya, shi ya sa ake saita shi a kai a kai. Wannan kuwa ko kunnen yaro ya san ya daɗe bai ga mai saiti ba. Fedar ma kuka take yi duk sanda na taka.

Na dubi darekta. Wallahi ko a jikinsa. Cewa ya yi, "Ƙanena, kwantar da hankalinka, ka yi shi guntu-guntu, yaron kwamfuta zai haɗa ya gyara sautin." A cikin takardar sharuɗɗan da shi da kansa ya buga mini an rubuta cewa kowane kiɗa a ɗauke shi a tashi ɗaya, ba yanka ba gyara, ana ganin fuska da hannuwa. Wato ko bai karanta ba, ko ya karanta ya ɗauka Turawan ba su da kunne. Mushe da ke zaune a gefe ya miƙe ya rufe murfin a hankali ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba za a aika da sunan ɗalibina ba." Aka koma kan na lantarki, muna tsakiyar sonata aka ɗauke wuta, aka tada gurup, wato janareta, ƙararsa ta shiga cikin ɗaukar tun daga farko har ƙarshe.

Mushen ne ya fitar da ni kunya. Ya san wani gida a unguwar Filato nan Yamai da ke da piyano mai lafiya, ya roƙa mini awa biyu da safe, muka jingina salula a kan kujera muka ɗauka. Ko kuɗin taksi ya ƙi karɓa. Amma kuɗin "ɗaukar bidiyo" da na biya ofis tun farko, har yau ana duba lissafi.

Da ina cewa rabi da rabi ne, ai an koya mini abu. Yanzu da na tuna dosiye sai raina ya sake ɓaci. Jerin makarantun da suka ba ni daga intanet aka kwaso shi. A sahun farko Konsabatuwar ɗin Paris, wato babbar makarantar kiɗa ta can, alhali ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, kuma ba wanda ya ce mini uffan kan inda zan nemi biza don zuwa konkur, wato jarrabawar shiga. Na biyu makarantar kiɗa ta Curtis da ke Filadelfiya a Amurka, an ja layi ƙarƙashin "kyauta". Gaskiya ne tun 1928 ba a biyan kuɗin karatu a can, amma ƴan ƙalilan suke ɗauka daga duniya baki ɗaya, kuma abin da aka yafe wa kowa kuɗin karatu ne, masauki da abinci sai an nemi taimako daban. Jamus ma "kyauta" suka rubuta. Jihar Baden-Württemberg tun 2017 tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba ƴan Tarayyar Turai ba, kusan miliyan ɗaya na sefa ke nan. Kafin biza kuma sai ka nuna kusan Yuro 12,000 na shekara a asusu. Bursin kiɗa na DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, da suka yi ta ambato na waɗanda suka riga suka sami digirin farko ne, ni kuwa bak, shaidar gama sakandare, kawai gare ni. Duk wannan ni na tono da kaina cikin dare.

Makarantar kiɗa ta MUSON da ke Legas, mai diflomar shekara biyu da gidauniyar MTN ke tallafa wa ɗalibanta, ko sunanta babu a jerin. Mushe ne ya ce in fara duba nan kusa kafin in hango ƙetaren teku.

Don haka mai son shiga, ka biya na darasi kaɗai, wata-wata, ka kuma ce lallai dattijon kake so. Kada ka ba da ko dala kan "shirin bursi" sai an yaye maka zanen nan ka bi maɓallai 88 ɗin ɗaya bayan ɗaya da yatsanka. Wanda yake matakin farko ma ya fara leƙa CFPM Taya, cibiyar koyon kiɗa ta nan Yamai, ya ji nasu tsarin. Ni yanzu gidan mushe nake zuwa kai tsaye. Darekta ya ce in dawo ƙarshen wata kan maganar kuɗina. Wanda ya san mai saita piyano tsakanin nan da Kotonu ya turo mini ta akwatin saƙo, mutanen gidan Filato ke nema.