Tumatir ko shinkafa: zaɓin manomin Kadawa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam ba su san hutun rani ba. Abin da ya rage wa manomi shi ne ya zaɓi abin da zai zuba.

Tumatir kuɗin nan-take ne. Wata uku kacal ka fara tsinka, ka cika kwanduna, a loda su a kasuwar Kwanar Gafan, mota ta nufi kasuwar Mile 12 a Legas. Amma fa caca ce. Idan kowa ya tsinka lokaci guda, farashi ya faɗi warwas, sai ka ga mutum ya yanka nasa ya shanya a bakin titi, ƙura na bi ta kai, don ya tsira da ko da kauɗa. Kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 an yi zaton zai share hawaye, sai ga tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a shekarar, aikin ya yi ta tsayawa.

Shinkafa kuwa tana cin taki, ga korar tsuntsu tun asuba. Sai dai ba ta ruɓewa. Ka ɗinke buhu ka jingine a ɗaki har kasuwa ta yi kyau. Kuma masu saye suna bakin ƙofa: matan Kura masu turarawa, ƙananan injinan casa, da manyan kamfanonin Kano da suka ƙaru bayan rufe iyakokin Najeriya a 2019.

Ni dai, mai ƙaramin jari da iyali a wuya, shinkafa zan ba shi shawara, ya bar wa tumatir fangali biyu.