Hattara da masu tallar "kayan gyaran direba" na amfilifaya mai bawul

Jama'a masu haɗa amfilifaya mai bawul a gida, a yi hattara. Akwai 'yan damfara a shafukan saye da sayarwa na intanet da zaurukan Facebook da WhatsApp da ke tallar wani ƙunshi wai na ƙara wa matakin direba ƙarfi, wato matakin da ke tura sauti zuwa bawul na ƙarshe: bawul biyu ɗauke da tambarin Telefunken ko Mullard, kwandansa biyu wai na zamanin da, sai 'yar takardar zane. Suna rubuta NOS a kai, wato tsohon kaya da ba a taɓa kunnawa ba. Zancensu ɗaya ne: zare naka, cusa namu, ba sai ka taɓa komai ba.

Ko da kayan na gaske ne, wannan zance ƙarya ne, domin matsalar direba ba ta tambari ba ce. Ɗauki amfilifaya mai bawul na ƙarshe 300B guda ɗaya a kowane ɓangare, hagu da dama. Bayas ɗinsa, wato wutar da ake tsayar da girid (inda sauti ke shiga bawul) a kanta, yana wajen bolt 70 ƙasa da sifili, ke nan sai direba ya kaɗa girid ɗinsa da kusan bolt 140 daga sama zuwa ƙasa kafin ya ba da duk ƙarfinsa. Sannan ƙofar shigar 300B tana da nauyi irin na kwandansa kusan 70pF idan aka haɗa da tasirin Miller, wato yadda ninkin sautin bawul ke ƙara girman wannan nauyi. Cika wannan nauyi da zubar da shi a 20kHz yana cin wajen 0.6mA. To 12AX7, wanda shi ne masu tallar suka fi turawa, a kan 1mA yake zama, kuma juriyarsa ta ciki ta kai 62k. Fiye da rabin wutarsa ta tafi a nan kaɗai. Shi ya sa za ka ji sautin sama ya dusashe, kuge yana ƙara kamar ana yaga leda, tun ba ka kai rabin murya ba. Ko a masana'antar Telefunken ta Ulm a Jamus aka ƙera shi, haka zai yi.

Mu koma kan bawul ɗin kansa. Abin da ya fi yawa shi ne a samo na zamani mai araha, ko tsohon da ya gama aiki a wani injin, a goge rubutunsa da sinadari a buga sabo. Ga abin dubawa, kuma ka nemi hoto na kusa tun kafin ka biya.

Telefunken na asali yana da 'yar alama mai kusurwa huɗu, siffar daiman, a gindin gilashin tsakanin ƙafafu. Tare da gilashin aka zuba ta, ta ɗan taso, kana jin ta da farce. Ta jabu karta ta ake yi ko a manna. Fentin tambarin asali kuwa kamar alli yake, yatsa ma yana ɗebe shi. In ka ga bawul wai na shekarun 1960 da tambari fari tas, mai sheƙi, wanda ba ya ko gezau, biri ya yi kama da mutum. Mullard yana da lambobi layi biyu da aka ƙone a jikin gilashin can ƙasa, launin toka-toka, ba sa goguwa. A ECC83, wato sunan 12AX7 a Turai, za ka ga irin su I61 ko I63 a sama, layin ƙasa kuma ya fara da B idan na masana'antar Blackburn ta Ingila ne. A sani kuma ana ƙera sababbin bawul da sunan Mullard da Tung-Sol a Saratov ta Rasha, da izini. Waɗannan ba jabu ba ne, kaya ne masu kyau a kuɗinsu. Cutar ita ce a sayar maka da su a matsayin tsofaffi a kan ninkin farashi.

Wanda ya fi ɓarna shi ne 6N2P na tsohuwar Tarayyar Sobiyet da ake sauya wa suna zuwa ECC83. A aiki sun yi kusa, amma hitarsu daban. A 12AX7 ƙafa ta 9 ita ce tsakiyar hita, a 6N2P kuwa garkuwa ce ta ciki, hitarsa kuma 6.3V ce kaɗai tsakanin ƙafa ta 4 da ta 5. Idan soket ɗinka an haɗa shi don 6.3V, wato 4 da 5 a haɗe, ɗaya wayar a 9, bawul ɗin ba zai ko kama ba. Idan 12.6V ce tsakanin 4 da 5, zai haska kamar ƙwan fitila ya mutu. Minti ɗaya ya isa ka gane: sa mita a kan awon juriya tsakanin ƙafa ta 9 da ta 4. A 12AX7 na gaske za ka karanta 'yan om kaɗan. In mita ba ta motsa ba, ba shi ba ne. Ka kuma duba tabon azurfar da ke saman gilashin. In ya koma fari kamar gari, iska ta shiga, bawul ya mutu.

Kwandansan da suke haɗowa iri biyu ne. Wani sabo ne ɗan ƙarami aka cusa cikin tsohon kwanso aka toshe da kaki, wannan kuɗinka kawai ya ci. Wani kuma tsohon na takarda ne da gaske, wanda danshi ya ratsa, yana yoyon wuta. Shi ne abin tsoro, domin yana tsaye ne tsakanin fulet ɗin direba (inda sauti ke fita daga bawul) mai bolt 200 da wani abu da girid ɗin bawul na ƙarshe. Yoyon 10µA a kan rezisto 470k ya ba da 4.7V a girid. Bayas ya gurɓace, bawul ya ja wuta fiye da kima, fulet ya yi ja, yoyon kuma yana ƙaruwa ne da zafi. Daga nan sai taransfomar sifika ta ƙone, wadda ta fi duk sauran kayan tsada. A amfilifaya mai bayas na katod, zare bawul na ƙarshe, kunna na ɗan lokaci, ka auna wutar DC a ƙafar girid ta soket. Ya kamata ta tsaya dab da sifili. Ko rabin bolt ka gani, cire shi ka jefar.

Wajen ciniki ma salonsu sananne ne. Hoto guda da aka kwaso daga wani wuri, a ce "an gwada, yana da ƙarfi" ba tare da lamba ba, sai a ja ka gefe a ce ka turo kuɗi kai tsaye za a rage maka. Da zarar ka biya ta wajen shafin, ba mai bi maka haƙƙi, kuma wanda ke Kano ko Maraɗi ya san mayar da kaya ƙasar waje ya fi kuɗin kayan. Ka ce a ba ka awon kowane ɓangare daban, domin irin waɗannan bawul ɓangare biyu ne a cikin gilashi ɗaya. 6SN7 lafiyayye a 250V da girid -8V yana jan wajen 9mA. 12AX7 a 250V da -2V yana jan 1.2mA. Ka kuma ce a ɗauki hoton gindin bawul ɗin a kan takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Gyaran da ke aiki ba ya buƙatar komai mai tsada. Sa 6SN7, ko takwaransa 6N8S na Rasha, wanda shi ma a ƙarƙashin sunansa na gaskiya bawul ne nagari. Da wutar sama 400V, rezisto 27k a fulet, 820 om a katod tare da kwandansa 100µF a gefensa, zai zauna wajen 7mA, fulet ɗin kuma wajen 200V zuwa 210V. Rezisto na fulet yana ƙona fiye da wat ɗaya, saboda haka sa mai wat 3 ko 5, ƙarami zai yi baƙi ya canza ƙima. Ninkin sautinsa bai wuce 15 ba, don haka dole a sami wani mataki a gabansa, ɗaya ɓangaren bawul ɗin ya wadatar. Kwandansan haɗi kuwa sabon 0.22µF mai jure 630V, da rezisto 220k a girid, ya sauka har wajen 3Hz. Abu biyu da ake yawan mantawa: 6SN7 soket mai ƙafa takwas yake so, kuma hitarsa tana cin 0.6A, ninkin ta 12AX7 a 6.3V. Duba ko taransfomarka za ta ɗauka.

Kafin ka kai hannu ciki, zare filogi, ka zubar da wutar manyan kwandansa ta rezisto 100k mai wat 5, ka tabbatar da mita cewa ta sauka ƙasa da 10V. Kunnawar farko a yi ta da ƙwan fitila mai zare na wat 100 a jere da layin wuta. Zai ɗan haska ya lafa idan komai daidai ne. In ya tsaya da haske sosai, kashe nan take ka nemo inda waya ta haɗe.