Teburin mai shayi ko kaskon mai ƙosai: wanne za ka riƙe da safe?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce aiki ya kawo ka Kano, iyali suna gida, kullum ƙarfe bakwai kana kan hanya. A layinku akwai mai shayi, akwai kuma dattijuwa mai koko da ƙosai, kana so ka san wurin wa za ka riƙa karyawa. Na yi shekaru ina irin wannan zaman, kuma dukansu na yi ciniki da su. In don cin yau da gobe ne, koko da ƙosai nake zaɓa maka.

Fara da aljihu. Dubi abin da ke jere a teburin mai shayi: Lipton, madarar Peak ko Cowbell, Bournvita, Milo, sukari, Indomie. Duk kayan kamfani ne. Burodin ma alkamarsa akasari daga waje ake shigo da ita, shi ya sa da dala ta motsa sai ka ga ya ƙanƙance ko kuɗinsa ya hau. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, na ga mutane da yawa da suka saba da haɗin kauri sun koma ruwan bunu. Ita kuwa mai ƙosai, wake ne da gero da albasa da attaruhu da mai, kusan duk amfanin gonarmu. Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a noman wake a duniya, ga kasuwar Dawanau nan kusa da kai. Ƙosan ma ya yi tsada, kowa ya ga yadda ya koma ƙanana, amma farashinsa kaka da bazara yake bi. In sabon wake ya shigo, za ka ga sauƙin a cikin kwanonka.

Sai riƙon ciki, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na tsaya a nan. Shayi da burodi zalla, kafin ƙarfe sha ɗaya cikinka ya fara kira. Don ya kai ka azahar sai ka sa a soya maka ƙwai biyu ko a dafa Indomie, nan take kuɗin ya ninka. Ƙosai wake ne, yana zama a ciki. Koko kuma in an tsima geron yadda ya kamata, gasarar ta yi ɗan tsami, ga citta da kanumfari da masoro, to da sanyin hunturu kofi ɗaya zai sa ka ji ɗumi har tafin ƙafa. Ba banza ba mutanen Gana, daga Akara har Kumasi, suke karyawa da shi suna kiransa kokon Hausa. Wasu suna cewa koko na saukar musu da kasala. In kana cikinsu, rage sukari, ko ka nemi kunun tsamiya in tana damawa.

Inda mai shayi ya fi ta, lokaci ne da wurin zama. Ana idar da sallar asuba tukunyarsa ta tafasa, da yamma kuma ya sake fitowa har dare ya raba. Mai ƙosai da ƙullu ya ƙare shi ke nan, ta kife kasko, wani lokaci tun kafin ƙarfe tara. Ga layin yara 'yan makaranta da kwanukan aike, in ka makara kai ne a baya. Wurinta saye ne ka wuce. Shi kuwa yana da benci, rediyo na kunne ana jin labaran safe, ana taɓa siyasa da ƙwallo yana sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan. Ga baƙo kamarka wannan ba ƙaramin abu ba ne. A bencin mai shayi na ji labarin ɗakin hayar da na zauna a ciki, a nan kuma na san mai gyaran babur na kirki a unguwar.

Tsafta kowanne da inda za ka duba. Wurin mai shayi, leƙa ruwan da yake ɗauraye kofuna, ka ga ko yana sauyawa. Wurin mai ƙosai, dubi man da ke cikin kasko. In ya yi baƙi, an maimaita shi da yawa, shi ne ke sa ƙwarnafi. Kuma don Allah ka tafi da kofinka ko ɗan fulas, kar a riƙa zuba maka koko mai zafi a leda.

Ga yadda zan yi da ni ne kai. Ranakun aiki ka fita bakwai saura kwata ka je wurin dattijuwar nan, ka gaishe ta, “Iya, ina kwana,” kafin ka miƙa kuɗi. Sati biyu ya isa ta san hannunka: nawa kake saye, ko kana son yaji, ko ka fi son wanda ya soyu ya yi ja. Daga nan gyara zai fara shigowa, ranar da albashi ya yi jinkiri kuma za ta ce ka kawo gobe. In ta yi maka haka, goben ka kai mata. Asabar da Lahadi, da ranar da ka makara, sai ka zauna a bencin mai shayi a haɗa maka mai kauri, ka san maƙwabtanka.